Sof-sitata ta ABB PSE a zafin Sakkwato: abin da take yi wa moto mai layi uku, da inda take buƙatar taimako

Idan aka danna wa moto mai kilowat 22 kontakta, wato makunnin da ke haɗa shi da wuta, kai tsaye, kowa a wurin sai ya sani: fitilu su dushe, bel ya yi kuka a kan fuli, janareta ya durƙusa ya fitar da baƙin hayaƙi. Dalili shi ne a lokacin da moto yake tsaye, abin da ke juyawa a cikinsa bai fara mayar da nasa ƙarfin ba, don haka koyil yakan zuƙi wuta ninki shida zuwa takwas na abin da aka rubuta a farantin jikinsa. Moton da yake cin amfiya 41 yana cikin aiki zai iya jan kusan amfiya 290 a farkon tashi. Wannan fizgar ita sof-sitata, na'urar da ke tashin moto a hankali, ta zo ta rage. Wadda muke dubawa a nan ita ce PSE ta kamfanin ABB, kuma ra'ayinmu a kanta tun daga farko shi ne: ga famfunan ruwa da matsakaitan motoci na masana'anta sitata ce mai kyau ƙwarai, amma wanda zai ɗora ta a Sakkwato sai ya sayi babba fiye da abin da takarda ta nuna, ya kuma ƙara mata mai gadin layi a gabanta.

A cikin akwatin, abin da ke aikin su ne tayirista. Tayirista kamar ƙofa ce mai wucewa gefe ɗaya: ba ta barin wuta ta bi sai an taɓa mata ƙaramar ƙafarta da ɗan sigina, kuma da zarar ta buɗe ba ta rufewa sai amfiyar da ke bi ta cikinta ta sauko sifili. Wutarmu tana kai da komowa sau 50 a sakan ɗaya, saboda haka a kowane layi ana haɗa tayirista biyu, ɗaya tana kallon gaba ɗaya tana kallon baya, kowace da rabin zagayenta. Rabin zagaye bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. A farkon tashi allon sarrafawa yakan jinkirta buɗe ƙofar har sai rabin zagayen ya kusa ƙarewa, sai ɗan guntun wuta kaɗai ya isa ga moto. Daga nan yana ta rage jinkirin kaɗan-kaɗan, guntun yana faɗaɗa, har ƙofa ta zama a buɗe tun daga farkon zagaye, moto ya samu cikakken bolt 415 ɗinsa.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata duk mai saye ya riƙe, domin a kansa yawancin kurakurai suke. Ƙarfin murɗar moto ba ya sauka daidai da boltej, yana sauka ne da boltej sau kansa. Ka rage boltej zuwa rabi, amfiya ta sauko rabi, amma ƙarfin murɗa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗauki moton nan mai amfiya 41: idan ka tsare shi a ninki uku da rabi, wato kusan amfiya 145 maimakon 290, ka rage fizga da rabi, amma moton da zai iya tashi da ninki biyu na ƙarfinsa na aiki yanzu rabin ƙarfin aikin kawai yake da shi. Famfo mai fanka bai damu ba, domin nauyinsa a farko kaɗan ne, sai ya yi gudu yake ƙaruwa. Injin niƙa da aka bar hatsi a cikinsa kuwa ba zai motsa ba, sai ya tsaya yana gurnani yana dafa koyil.

Bayan moto ya kai gudunsa, PSE takan rufe wata kontakta da ke cikinta, baifas, wuta ta bar bi ta tayirista. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garinmu. Tayirista tana zubar da kusan wat ɗaya ko sama da haka a kan kowace amfiya a kowane layi, to ka ga sitatar da ba ta da baifas ta zama ɗan murhu a cikin fanel yini guda. Da baifas zafin na 'yan sakan ɗin tashi ne kawai. Amma wannan yana nufin idan moto yana cikin gudu, sitata ba ta yin komai face sa ido a kan amfiya. Ba ta canja gudun moto, domin bugun wutar yana nan a Hz 50, kuma ba za ta rage maka kuɗin wuta ko gas ɗin janareta ba yadda wasu masu shago suke faɗa. Mai son rage gudun famfo ko haɗa shi da sola, inbata mai sauya gudu yake nema, VFD, kuma kuɗinta ya fi na wannan.

PSE tana zuwa daga amfiya 18 har 370, tana ɗaukar layin wuta daga bolt 208 zuwa 600. Lambar da ke jikinta ita ce amfiyarta: PSE30 ta moto mai kilowat 15 ce, PSE45 ta 22, PSE60 ta 30, PSE72 ta 37, PSE105 ta 55, idan ana maganar bolt 400. Abin da ya fi burge mu shi ne wutar da allonta yake ci: ko'ina tsakanin bolt 100 da 250 yana aiki. Wanda ya san yadda layi ɗaya yake saukowa bolt 170 ko 180 da yamma a wasu unguwanni zai gane amfanin wannan, domin a irin wannan yanayi koyil ɗin kontakta ta gama-gari takan fara kakkarwa tana cin bakinta. An kuma shafe allunanta da abin kariya daga ƙura da laima. Fuskarta tana da ƙaramin gilashi mai haske da maɓallai huɗu, alamomi da lambobi kawai take nunawa, kuma tana nuna amfiyar da moto yake ja a lokacin. A cikinta akwai obalod na lantarki, wato kariya idan moto ya ja amfiya fiye da kima, da kariya idan nauyi ya ragu ƙwarai, da kariya idan moto ya cije, da iyakance amfiya, da sarrafa ƙarfin murɗa wanda aka yi musamman don famfo.

Sai dai a san cewa layi biyu kawai take sarrafawa. Tayirista huɗu ne a ciki, layi na uku yana wucewa ne kai tsaye zuwa moto. Wannan ne ya sa ta yi ƙarama kuma ta yi sauƙin kuɗi a kan PSTX, babbar yayarta mai sarrafa layi uku. A aikace yana jawo abubuwa uku. A lokacin tashi amfiyar layukan ba ta zama ɗaya, wanda ba a sarrafawa yakan fi sauran, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ba a iya yi mata haɗin cikin delta, wanda ake kai wayoyi shida ga moto don sitata ta ɗauki kashi 58 cikin ɗari na amfiya kawai. PSE a kan layi kaɗai ake ɗaura ta, wayoyi uku su shiga uku su fita. Na ukun shi ne mai haɗari: ko da moto a tsaye yake, gilashi yana nuna komai lafiya, akwai wuta a kan wayoyin moto. Duk wanda zai buɗe murfin taminal ya fara sauke bireka, ya sa mata makulli, ya gwada da mita. Malamai masu koyar da yara aikin wuta su riƙa nanata musu wannan, domin yaron da ya saba da sita-delta, tsohuwar hanyar tashin moto da kontaktoci, yana ɗauka moto a tsaye moto ne marar wuta.

Yanzu ga batun da ya fi shafar mu. Amfiyar da aka rubuta a jikin sitata tana aiki ne har zuwa digiri 40 na iskar da ke kewaye da ita. Daga nan zuwa digiri 60, ABB ta ce a rage kashi 0.6 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. A watannin Maris, Afrilu da Mayu iskar inuwa kanta tana wuce 40 a Sakkwato, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin famfo mai rufin kwano a fadamar Wamakko ko Kware. A ɗauka cikin fanel ya kai digiri 55. An haura da digiri 15, an rasa kashi 9, PSE45 ta koma amfiya 41 cif, daidai da abin da moton yake ci, babu ko ɗan rara. Sannan idan boltej ya sauka, moton da ke ɗauke da nauyi yakan ƙara jan amfiya. Ita kuwa PSE60 a wannan zafin tana da kusan amfiya 54, kuma ana iya saita ta ta sauko daidai da farantin moton. Saboda haka ga moto mai kilowat 22 a nan, PSE60 muke ba da shawara, ba PSE45 ba. Bambancin kuɗinsu bai kai na naɗin koyil ɗaya da kwanakin da gona za ta yi babu ruwa ba. Haka kuma an gina ta a kan tashi goma a awa ɗaya. Wanda famfonsa ke tashi fiye da haka saboda ƙaramin tanki ko filotin da ke wasa, ya ƙara hawa mataki ɗaya, ko ya gyara filotin. Ragin da ake yi saboda tsawo yana farawa ne daga mita 1,000 sama da teku, Sakkwato ba ta kusa da nan, a manta da shi.

A kafa ta a tsaye, a bar aƙalla santimita 10 sama da ƙasa don iska ta ratsa. Fanel ya samu fanka mai matata a ƙasa da mafita a sama, kuma kada rana ta riƙa dukansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan toshe matatar cikin makonni kaɗan, a masana'antar shinkafa kuma ƙaiƙayi ya fi ƙurar ɓarna. A riƙa hure haƙarƙarin sanyaya ta da busasshiyar iska bayan an kashe wuta. Ƙofofin da waya ke shiga a toshe su, domin tsaka da ƙadangare suna son ɗumin fanel, kuma jiki ɗaya a tsakanin layi biyu ya isa ya ƙone komai.

Inda PSE ta gaza a ganinmu shi ne wajen kula da ingancin layi. Tana gane idan layi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, ta ƙi tashi ko ta tsaya. Amma ba ta da kariyar da ake saitawa ta hawan boltej ko saukarsa, ba ta da ta rashin daidaiton layuka, ba ta gane an juya jerin layi, kuma babu inda za a haɗa mata ma'aunin zafin da ke cikin koyil. Waɗannan duka sai a PSTX. A ƙasar da wuta take tsayayya wannan ba zai dami kowa ba. A nan kuwa, inda taransifoma ɗaya take ɗauke da gidaje da shaguna a kan layuka marasa daidaito, shi ne babban makashin moto. Bambancin boltej na kashi ɗaya cikin ɗari tsakanin layuka yana haifar da bambancin amfiya na kashi 6 zuwa 10. Idan bambancin ya kai kashi uku da rabi, zafin koyil yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba a yarda moto ya yi aiki ba idan ya wuce kashi 5. Lissafin mai sauƙi ne: a auna layukan uku, misali 415 da 400 da 385, matsakaicinsu 400, mafi nisa ya kauce da 15, wato kashi 3.75. Irin wannan moto yana juyawa lafiya a ido amma yana cin kansa a ciki. Juyewar jerin layi ita ma tana faruwa bayan an yi gyara a kan turke ko an sauya zuwa janareta, famfo ya riƙa juyawa baya yana ba da ruwa kaɗan. Maganin ba shi da tsada: rile mai gadin layi uku, wanda ke duba ɓacewar layi da jeri da hawa da sauka da rashin daidaito, a sa bakinsa a cikin layin umarnin tsayawa. Ba mu ɗauki fanel ɗin PSE a matsayin kammalalle ba idan babu shi.

Jerin haɗin kuwa: daga bireka zuwa kontaktar layi, daga nan zuwa 1L1 da 3L2 da 5L3 a sama, sannan 2T1 da 4T2 da 6T3 a ƙasa su tafi ga moto. Kontaktar layi ana ba ta umarni ne daga rilen sitata mai nuna tana aiki, domin ta raba moto da wuta idan an tsaya. Bireka kaɗai tana kare waya da gini idan wayoyi suka haɗu, amma ba ta da saurin da za ta ceci tayirista. Mai son sitatarsa ta tsira sai ya sa fiyus masu sauri na musamman irin aR, da lambar da littafin sitatar ya nuna. Maɓallan kunnawa da kashewa suna amfani da bolt 24 da sitata ke bayarwa daga cikinta. Wanda ya kai bolt 230 wurin ya ƙona allo nan take, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi idan ana sauya tsohon fanel na sita-delta ba a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ba. A irin wannan sauyi a tuna kuma a mayar da ƙarafan haɗi a taminal ɗin moto yadda farantinsa ya nuna: mai 400/690 a delta ake haɗa shi. Kafasita masu gyara ingancin wuta kada a taɓa sa su tsakanin sitata da moto. A sa su a gefen layi da kontaktarsu daban, su shiga bayan rilen ƙarshen tashi ya rufe. Da damina kuma, a wuraren da layi ya yi doguwar tafiya a fili, abin kariya daga tsawa a bakin fanel da wayar ƙasa mai kyau sun cancanci kuɗinsu.

Waya ma a duba ta. Jan ƙarfe mai kaurin milimita sukwaya 10 yana zubar da kusan bolt 15 a tafiyar mita 100 da amfiya 41, mai 16 kuwa kusan bolt 10. Duk bolt ɗin da ya zube a hanya an cire shi ne daga ƙarfin tashi.

Wajen saiti, abu na farko shi ne Ie: a sa amfiyar farantin moto, ba ta jikin sitata ba. Idan aka ɗora PSE60 a kan moto mai amfiya 41 aka bar ta a 60, obalod ba zai taɓa kare moton ba. Ga famfon sama mai fanka, a fara da lokacin tashi na sakan 10, boltej ɗin farko kashi 30 zuwa 40, iyakar amfiya ninki uku da rabi zuwa huɗu, obalod a aji 10, wato ajin saurin yankewarsa. A tsaya kusa da moto a gwajin farko, kilam-mita a hannu. Ya kamata sanda ya fara juyawa cikin sakan ɗaya ko biyu. Idan yana gurnani bai motsa ba, a ƙara boltej ɗin farko da kashi 5 a sake gwadawa bayan ya huta. Mutane da yawa suna tsawaita lokacin tashi zuwa sakan 30 suna ganin sun tausaya wa moto. Akasin haka suka yi, domin moton da ya daɗe yana jan ninki uku ko huɗu, fankarsa ba ta kai gudu ba, ya fi zafi a kan wanda ya tashi da wuri.

Famfon cikin rijiyar burtsatse, wanda ake kira sumo, nasa daban ne, kuma a nan ake yawan asara. Boris ɗin da ke ɗauke da nauyin ruwa a gindinsa yana yawo ne a kan siririn ruwa, kuma ruwan ba ya shimfiɗuwa sai moto ya yi gudu. Tashi a hankali yana sa fuskokin su goge juna. Grundfos, kamfanin da ke ƙera famfuna, ta ce boltej ɗin farko kada ya gaza kashi 55 cikin ɗari, kuma tashi da sauka kada kowanne ya wuce sakan 3. Wanda ya ɗauki saitin famfon sama ya sa wa sumo zai fito da shi daga rijiya ba da jimawa ba. A nan ne kuma kariyar raguwar nauyi take da amfani: da bazara idan ruwan rijiya ya ja baya, famfo ya fara zuƙar iska, amfiya takan faɗi, sitata ta tsayar da shi kafin ya ƙone. A auna amfiyar da yake ci yana ba da ruwa sosai, a sa iyakar ƙasa da ita yadda ba za ta riƙa yankewa banza ba. Kada a ɗauka wannan kariya da ta cijewar moto a kunne suke daga kwali, a shiga a duba.

Injin niƙa mai guduma, injin casar shinkafa da babbar fanka mai nauyin ƙafa suna son aji 30, boltej ɗin farko kusan rabi ko sama, iyakar amfiya ninki huɗu zuwa huɗu da rabi, da sitata mai mataki ɗaya sama, ban da wanda aka riga aka ƙara saboda zafi. A tashe su babu kaya a ciki. Akwai saitin da ke ba da ɗan bugu mai ƙarfi a farko don ɓalle abin da ya manne, yana taimakawa a kan bel mai ɗaukar kaya, amma a kan janareta yana dawo da fizgar da ake gudu.

Tsayar da famfo a hankali shi ne inda PSE ta fi nuna gwaninta. Idan aka yanke famfo farat ɗaya, ruwan da ke gudu a dogon bututu yakan dawo ya doki bawul, ka ji kamar an buga guduma, gaɓoɓi su fara yoyo. Ga famfon sama, da sarrafa ƙarfin murɗa a kunne da lokacin sauka na sakan 10 zuwa 20, ruwan yana lafawa bawul ya rufe shiru. Sai dai wannan yana yiwuwa ne idan akwai wuta. Ranar da aka ɗauke wuta famfo yana gudu, sitata ba ta da abin yi, don haka bawul mai hana ruwa komawa mai inganci yana nan a wajibcinsa. Dawowar wuta ma a yi mata shiri. Idan filoti ne ke ba da umarni, famfo zai tashi da kansa da zarar wuta ta dawo, wataƙila ruwa yana kan juya shi baya. Taima mai jinkirin minti uku zuwa biyar tana magance wannan. A injin da mutane ke sa hannu kuwa a yi amfani da maɓallan dannawa biyu, domin kada ya tashi sai mutum ya danna.

A kan janareta sitata tana taimakawa sosai, amma tana da iyaka. Moton nan yana cin kusan kVA 30 yana aiki, kusan 200 idan an tashe shi kai tsaye, kusan 100 a ninki uku da rabi. Janareta mai kVA 40 ba zai ɗauki wannan ba ko da wace irin sitata. Ƙari a kan haka, guntayen wutar da tayirista ke yankawa suna rikita mai daidaita boltej na ƙananan janareta, kuma PSE tana son bugun wuta ya tsaya cikin kashi 5 sama ko ƙasa da Hz 50. Idan inji ya durƙusa ya sauko ƙasa da 47.5, sitata na iya yankewa ta nuna layi ba shi da kyau. A irin wannan hali a fara duba gwamnan injin da matatar gas, a tashi babban moto kafin sauran kaya.

Idan ta tsaya, haruffan gilashin suna nuna inda za a nufa. P kariya ce: P1 obalod, P2 raguwar nauyi, P3 cijewar moto. EF matsala ce daga waje, layi ko moto ko wutar allo. SF daga cikin sitatar ne, kamar zafinta ya yi yawa ko baifas bai rufe ba. P1 da ke maimaituwa ba a magance ta da ƙara Ie. A auna layuka uku, a taɓa boris, a duba ko yashi ya shiga famfo. Don gwada tayirista, a kashe wuta, a cire wayoyin moto, a auna tsakanin kowace shiga da fitarta. Layi ɗaya zai nuna a haɗe yake, shi ne wanda ba a sarrafawa, kada a yanke mata hukunci a kansa. Idan biyu suka nuna haka, tayirista ta ƙone ko baifas ya manne. Mai gwada koyil da mega, mitar da ke duba ko wuta na yoyo daga koyil, ya cire wayoyin daga sitata tukuna, domin bolt 500 ko 1,000 na mega yana lalata ta. Kuma bayan makonnin farko na aiki a sake ɗaure kusoshin taminal, tun da zafi da sanyi suna sassauta su.

Cikin abokan takararta, Altistart 22 ta Schneider tana sarrafa layi uku kuma tana da kariyar boltej da jeri da rashin daidaito a cikinta, abin da PSE ta rasa. Amma ragin zafinta kashi 2.2 ne a kan kowane digiri bayan 40, wato a digiri 55 ta rasa kashi ɗaya cikin uku, mai amfiya 47 ta koma kusan 31. A ɗaki mai sanyi za mu iya zaɓar ta. A ɗakin famfo na fadama PSE da rile a gabanta ta fi dacewa. PSR, ƙanwar PSE mai maɓallan murɗawa uku, ba ta da obalod ko iyakance amfiya, ta ƙananan motoci ce. Sita-delta tana nan da arahar ta da sauƙin gyara, kuma ga injin da ke tashi babu kaya sau biyu a yini ba laifi, sai dai tana fizga a lokacin sauyawa zuwa delta kuma ba ta san tsayawa a hankali ba.

Farashi yana bin dala, don haka a tambayi dillali fiye da ɗaya, a nemi rasit mai ɗauke da cikakkiyar lambar, irin PSE60-600-70, wadda ta dace da ta kwali da ta jikin sitatar. Mai sayen ta hannu ya je da mita ya yi gwajin tayirista a gaban mai shago, ya sa wa allon wuta ya ga gilashi ya kama, ya leƙa taminal ko akwai baƙin ƙuna, ya kuma tabbatar fankokinta suna juyawa.